Juyi Biyu a Lamba Ɗaya

"Ba zan sa hannu ba, Kawu."

Budurwar ta faɗi haka a gaban duk mutanen ɗakin taron. Dattijon da ke kujerar gaba ya cire tabarau a hankali ya ajiye a kan tebur. Shi ne mai kamfanin, kuma yayan mahaifiyarta ne, wanda ya riƙe mahaifiyar tata tun tana ƙarama har ya aurar da ita.

"A gida nake Kawu," ya ce. "A nan shugabanki ne ni. Sake faɗa in ji."

"Ba zan sa hannu ba, ranka ya daɗe."

Wani ya yi tarin ƙarya don ya ɓoye dariya.

Kamfanin yana haɗa akwatunan wayales ne, irin waɗanda ake maƙalawa a bango su raba intanet a gidaje da makarantu. Ita ce ke riƙe da direba, wato ɗan ɓangaren babbar manhaja da ke tafinta tsakanin ƙwaƙwalwar akwati da guntun da ke kama sigina. Kowa a wurin Injiniya yake kiranta, wasu da girmamawa, wasu da gatse. Masu sayen kayan sun sa a yarjejeniya cewa ba za su karɓi sabon direba ba sai da sa hannunta.

"Manaja ya ce mini an gwada a kwamfuta, lafiya lau," in ji Kawu.

"A kwamfuta lafiya lau ne. A ƙananan akwatunanmu ne ba lafiya." Ta miƙe ta zana ɗakuna biyu a jikin allo. "Lamba a cikin na'ura ɗaki biyu take zama, kowane ɗaki sunansa bayit. Guntun sigina ƙaramin ɗaki yake fara aikowa, babba ya biyo baya. Kwamfuta ma haka take karantawa, shi ya sa suka daidaita. Amma ƙwaƙwalwar ƙananan akwatunan daga babba take farawa. In direba bai juya mata lambar ba, guntu zai ce ɗaya, ita ta ji ɗari biyu da hamsin da shida. Sai ta tafi neman saƙon da babu shi, ta daskare a can."

"Sai a kashe a kunna," in ji Manajan kasuwanci yana gyara agogonsa. "Ko yaro ya iya wannan."

"Wanda aka kafa a saman rufin makaranta fa? Kai za ka riƙa hawa kana kunnawa?"

"Ke!" Kawu ya buga tebur. "Na yi wa mutane alkawari."

"Ka ba ni lokaci in bi direban layi-layi. Ba wuri ɗaya ba ne aka manta juyin."

Daga can bayan ɗakin wata murya ta ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ta faɗa. Uku sun daskare a hannuna da safen nan."

Sai a lokacin ta lura da shi. Sabon mai gwajin kaya ne, rigarsa ta ɗan yi masa yawa, ga sukudireba yana leƙowa daga aljihunsa. Da idonsu ya haɗu ya yi saurin kallon ƙasa, amma bai janye maganarsa ba.

Kawu ya dube ta, ya dube shi. "Madalla. Tunda ku biyu kun fi kowa sani, ku koma ɗakin ƙarfe ku zauna da akwatunanku. Ranar da kika gaji, takardar tana kan teburina."

Ɗakin ƙarfe yana ƙasan bene, bayan ma'ajiyar kwalaye. An lulluɓe bangonsa da rufinsa da ƙarfe don kada siginar waje ta shiga ta ɓata gwaji. Babu taga. Ƙofar tana da kauri kamar ta ma'ajiyar banki, in ta rufe sai ka ji kunnenka ya toshe. Waya a ciki ba ta da amfani sai duba lokaci.

Tebur ɗaya ne dogo, kujeru biyu, ɗaya ƙafarta ta gurɗe. Mai Gwaji ya ja gurɗaɗɗiyar ya zauna.

"Wa ya ce ka sa mini baki?" ta tambaye shi a ranar farko.

"Babu."

"Ka san yanzu ka shiga baƙin littafinsa?"

"Na sani. Amma akwatunan sun daskare, Injiniya. Ko na yi shiru ba za su narke ba."

Ta juya ga kwamfutarta don kada ya ga murmushin da ya kusa kuɓuce mata.

Haka suka shiga zaman. An cire sunanta daga sauran ayyuka, an daina kiranta taro. Waɗanda a da suke rige-rigen gaishe ta, yanzu in sun hango ta a matakala sai su tuna sun manta wani abu a ofis. Ita kuwa kullum tana zuwa da wuri, kanta a sama, takalminta yana ƙara a kan siminti, ta sauka ƙasan bene kamar ita ta zaɓi wurin.

A ciki tana bin direban layi-layi. Duk inda lamba ta shigo daga guntun sigina sai ta tsaya ta tambayi kanta: an juya ta, ko ba a juya ba? In ta gano wuri ta yi masa faci, ta miƙa masa, shi kuma ya ɗora a kan ƙaramin akwati su zuba wa koriyar fitilarsa ido. In fitilar tana ƙyaftawa, akwati yana da rai. In ta tsaya cak, an koma baya.

"Duk digirin nan ashe mai faci za ki zama," ya ce wata rana. "Da kin faɗa da wuri da na samo miki rumfa a bakin titi."

"Kai kuma mai gadin fitila."

"Aiki ne babba. Ba kowa ke iya kallon abu ɗaya tsawon yini bai gaji ba."

Ta ɗago ta ga ba fitilar yake kallo ba. Ta mayar da kanta ga allo, kunnuwanta suna zafi.

Ya gano cewa saƙon da aka tura mata tana cikin ɗakin ba ya isa sai ta fito. Sai ya mayar da abin sana'a. In ya haura sama ɗauko kaya sai ya tura mata saƙo, ya dawo ya zauna kusa da ita kamar bai san komai ba. Da yamma tana buɗe ƙofar ƙarfen wayarta sai ta hau ƙara ba tsayawa.

"Kafiyata, yanzu haka kina harara ta don na yi tari. Ban san na yi laifi ba, amma ki yi haƙuri."

"Kin manta shayinki ya huce. Na zubar na haɗo miki sabo, kin shanye ba ki lura ba."

"Mutane suna cewa an jefa mu kurkuku. Ni dai ban nemi beli ba."

Ta tsaya a matakala ta karanta, ta sake karantawa. Sannan ta rubuta: "Malam Gwaji, wa ya ba ka izinin ce mini Kafiya?"

"Ba Kafiya na ce ba. Kafiyata na ce. Ki duba ƙarshen, a can babban bayit ɗin yake."

Washegari ta zo da kofin shayi biyu.

A gida ma ɗakin ƙarfe ne, sai dai shi yana da labule. Tun ranar da Kawu ya buga wa Mama waya, Mama ta daina yi mata doguwar magana. Ta ajiye mata abinci, ta ce "ga shi nan," ta wuce. Baba kuwa, wanda tun da ya yi ritaya ba ya rabuwa da rediyonsa, sai ya ƙara murya duk lokacin da maganar ta taso.

Ranar da ta kawo zancen Mai Gwaji, su uku suna falo.

"Me yake yi?" in ji Mama.

"Tare muke aikin direba."

"Direba? Duk karatun nan da kika yi ki rasa wanda za ki kwaso mana sai direba? Babbar mota ko ƙarama?"

"Mama, ba na mota ba. Na manhaja. Irin aikina."

"Au, shi ne yaron da ya zuga ki kika yi wa Yaya tsaurin ido a gaban ma'aikatansa?"

"Ba wanda ya zuga ni. Kafin in san da shi a ɗakin na riga na ce a'a."

"Ji ta! Har alfahari take yi." Mama ta ci gaba. "Mutumin nan shi ne uwata shi ne ubana. Shi ya kai ni makaranta a bayan kekensa. Ke kuma shi ya ɗauke ki aiki ba ki ko rubuta takardar nema ba. Yau ko gaisuwata ba ya amsawa da kyau. Ga Manaja, mutum mai hankali, Yaya da kansa ya ce mutumin yana son ki, kin maƙale wa mai rigar aro."

Baba ya rage muryar rediyo. "Uwata," ya ce, don haka yake kiranta, "ni ban san kan aikin nan naku ba. Abin da na sani shi ne ba zan saurari maganar aure ba alhali gidan nan yana cin wuta. Ki je ki daidaita da kawunki. Ranar da ya ce ya huce, yaron ya turo iyayensa."

"Baba, daidaitawar ita ce in sa hannu a kan abin da na san ya lalace."

"To ki san yadda za ki yi."

Ya mayar da muryar rediyo.

Da ta gaya wa Mai Gwaji, ya daɗe yana juya sukudirebansa a hannu.

"In kin sa hannu ba zan ga laifinki ba," ya ce.

"Ni zan gani."

"Na san haka za ki ce. Na faɗa ne don kada wata rana ki ce ban ba ki hanya ba."

"Za ka iya jira?"

"Ni da nake gadin fitila?"

Masu saye suka fara matsa wa Kawu, shi kuma ba ya iya korar 'yar ƙanwarsa ba tare da dangi sun ji ba. A ƙarshe ya aiko Manaja da saƙo: zai sauko da kansa ya ga gyaran nata. In akwatunan suka tsaya da ƙafarsu, a fitar da nata. In suka daskare, ta sa hannu a kan tsohon, a rufe maganar.

Ta duƙufa. Idonta ya yi ja, abincin rana ya riƙa komawa gida yadda ya zo.

"Ba ni wani ɓangare in duba miki," in ji Mai Gwaji.

"A'a."

"Ido biyu ya fi ɗaya."

"Na ce a'a. In ya yi kyau kada a ce namiji ne ya gyara mata. In ya lalace kuma ni kaɗai zan ɗauka. Kai dai ka haɗa abin da na ba ka, ka ɗora a akwati. Kada ka taɓa mini layi ko ɗaya."

Ya ɗaga hannu biyu. "Na ji, ranki ya daɗe."

Ta gama ana gobe gwajin. Ta ɗora da hannunta, fitilu suka yi ta ƙyaftawa har suka tashi aiki. Ta koma gida da sauƙin zuciyar da ta daɗe ba ta ji ba.

Da safe Kawu ya sauko, Manaja yana bayansa riƙe da takardar. Kawu ya ƙi zama. Mai Gwaji ya ɗora direban a kan akwatuna huɗu, ya kunna, ya fara turo musu saƙonni.

Fitilar farko ta ƙyafta, ta ƙyafta, ta tsaya. Ta biyu ta bi ta. Kafin Injiniya ta isa ga kwamfutarta duka huɗun sun daskare, korayen idanunsu a buɗe kamar na matattun kifi.

"Ba haka yake jiya ba," ta ce. Muryarta ta fito ƙarama, abin da ta fi tsana.

"Jiya ba na nan," in ji Kawu. "Yau nake nan. Ba ta takardar."

Manaja ya ajiye mata a gabanta, har da biro. Ta dubi takardar. Ta sa hannuwanta biyu a bayanta ta riƙe ɗaya da ɗaya.

"Gyarana ya faɗi, ranka ya daɗe. Amma tsohon ma bai warke ba. Ba zan sa hannu ba."

"Kin karya alkawari ke nan."

"Ban yi alkawari ba. Saƙo aka kawo mini."

Kawu ya juya ya fita. Manaja ya ɗan tsaya a bakin ƙofa ya rage murya. "Ki duba wanda ya taɓa aikin da safen nan, Injiniya. Shugaba ya kira wani zuwa ofishinsa jiya. Kowa da farashinsa."

Ta buɗe tarihin aikin, inda duk wanda ya canza layi sunansa ke fitowa. Ga shi nan a sama: canji ɗaya, da safiyar ranar, da sunan Mai Gwaji.

"Tsaya in yi miki bayani," ya ce.

"Ka taɓa, ko ba ka taɓa ba?"

"Na taɓa, amma..."

"Fita."

"Kafiyata."

"Kada ka sake kira na da wannan sunan. Fita."

Ƙofar ta rufe, kunnenta ya toshe. Ta zauna tsakanin akwatuna huɗu matattu. Ba ta yi kuka ba, don ta rantse ginin nan ba zai ga hawayenta ba, ko da a ɗakin da ba mai gani.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi. An mayar da Mai Gwaji ma'ajiyar kwalaye, ita kaɗai ta rage a ɗakin. Kowace safiya takardar tana kan teburinta, kowace yamma ta mayar da ita ofishin Manaja babu komai a jiki. In ta fito wayarta ta yi ƙara, ba ta buɗewa. A gida Mama ta daina ko "ga shi nan". Sau biyu ta ɗauki biron nan ta riƙe har yatsunta suka yi gumi. Sa hannu ɗaya, Mama ta yi dariya, Baba ya kashe rediyo, ita kuma ta koma sama inda ake ganin rana. Wanda take jira dominsa ma ya sayar da ita, to don wa take wahala? Sai ta tuna ba dominsa ta fara cewa a'a ba. Ta ajiye biron.

Fushi ne ya hana ta karanta canjin nasa. Da fushin ya gaji, sana'a ta karɓe. Ta buɗe don ta ga irin gubar da ya zuba.

Layi ɗaya ne. Ta karanta, ta sake karantawa, ta rasa aibinsa. A bakin ƙofar da saƙo ke shigowa daga guntun sigina ya juya lambar tsawon saƙo, daidai yadda ya kamata. Da ita ce ma haka za ta rubuta. Kuma ta rubuta ɗin, sai dai ita can ciki ta sa nata, a inda ake amfani da lambar.

Ta jingina da kujera. Shi ya juya a bakin ƙofa, ita ta juya a ciki. Juyi biyu, lamba ta koma yadda ta zo, a birkice. A kwamfuta ba wanda zai gani, don a can juyin ba ya yin komai. Sai a ƙaramin akwati.

Ta cire layinsa, ta haɗa, ta ɗora. Fitilu huɗu suka hau ƙyaftawa, ba su tsaya ba.

Ta tura ƙofar ƙarfen ta fito, ta buɗe saƙonnin da ta ƙi karantawa.

"Na duba bakin ƙofar saƙo na ga ba a juya lambar tsawo ba. Na ɗauka gajiya ta sa kin tsallake. Na kasa gaya miki don kin ce kada in taɓa, na kuma kasa barin ki ki ji kunya a gabansa."

"Shugaba ya kira ni, gaskiya ne. Ya ce in lallashe ki. Na ce masa wanda zai iya lallashin ki ba a haife shi ba."

"Na gano abin da ya faru. Kin riga kin gyara a ciki. Ni na lalata. Na je ofishinsa in faɗa, ya ƙi ganina."

"Ko ba za ki sake yi mini magana ba, ki cire layina. Naki daidai ne."

Ta same shi a ma'ajiya yana liƙa wa kwalaye takarda. Ya rame. Da ya gan ta ya miƙe tsaye, gam a hannunsa.

"Na ce kada ka taɓa."

"Kin ce."

"Ka ɗauka ban iya aikina ba."

"A'a. Na ɗauka mutum ce ke, kina iya gajiya."

"Da ka buɗe baki ka tambaye ni, da na nuna maka a take."

"Da na tambaye ki da kin cinye ni ɗanye."

Gaskiya ce, kuma ba ta son ta.

"To ka ji," ta ce. "Daga yau duk abin da za ka gyara mini, ka faɗa mini a fuskata, ko zan cinye ka."

"Ke kuma in na faɗa ki bar mini ko ƙashi ne."

"Zan duba."

"Daga yau, kika ce? Wato akwai gobe?"

"Malam Gwaji, gam yana zuba a takalminka."

Kawu ya ƙi sauraron kowa a ofis. A ranar hutu sai ga shi a gidansu, ya zo kai ƙarar ƙarshe. Ya zauna a babbar kujerar falo, Mama a ƙasa kusa da ƙafarsa, Baba a gefe, rediyo a kashe. Injiniya ta tura saƙo ɗaya: "Yana gidanmu. In kana da magana, yau ce."

Ba a jima ba aka yi sallama. Mai Gwaji ya shigo da ƙaramin akwati a hannu, ya durƙusa ya gaishe da kowa.

"Ranka ya daɗe, gwajin ranar nan ni na lalata shi. Gyaranta daidai yake. Na ƙara juyi a kan juyinta ban gaya mata ba. Ga akwatin, tun da ta cire layina bai tsaya ba. In akwai hukunci, ni ya kamata ya hau."

"Ka san abin da kake faɗa zai raba ka da aikinka?" in ji Baba.

"Na sani, Baba."

Kawu ko kallon akwatin bai yi ba. "Ya yi aiki ko bai yi ba, wannan ba shi ne magana ba. Magana ita ce yarinyar nan ta ce mini a'a a gaban yarana. Ni! Sai ta sa hannu a takardar da na ba ta, ta ba ni haƙuri a ɗakin da ta yi mini rashin kunya. Daga baya a sa gyaran nata, ban hana ba."

"Haƙuri zan ba ka, Kawu, a duk inda kake so, don ka girme ni kuma ka yi mini alheri," in ji ta. "Direban da na gyara ma yanzu zan sa masa hannu. Amma tsohon, a'a."

"Kin ji ko?" Kawu ya dubi Mama. Mama ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan hannunta.

Baba ya yi gyaran murya. "Yaya, dakata. Ni duk zaman nan na ɗauka gardamar aiki ce, ban sa baki ba don ban san aikin ba. Yanzu da bakinka ka ce ba aikin ba ne. In haka ne, kana so ne ta sa sunanta a kan abin da kai ma ka san ba daidai ba ne, don ka huce. Ban haife ta don wannan ba. Na yi kuskure da na ɗaure aurenta a jikin takardar nan." Ya juya ga Mai Gwaji. "Kai kuma mai ɓarnar taimako, ka turo iyayenka."

Kawu ya miƙe ya gyara rigarsa. "Shi ke nan. Ku riƙe 'yarku."

Mama ta bi shi har bakin mota tana "Yaya, Yaya." Bai waiwayo ba.

A farkon mako aka kawo wa Injiniya sabuwar takarda, ta direban da ta gyara, don masu saye sun gaji da jira. Ta karanta ta tas, ta sa hannu. Kafin a tashi aiki aka miƙa musu takardun sallama, ita da shi. Suka fito ta babbar ƙofa tare, kowa da kwalinsa.

An ɗaura auren bayan 'yan watanni, ba tare da wani taro mai yawa ba. Da za a tafi da ita Baba ya dafa kanta. "Allah ya yi miki albarka, Uwata. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kai kuma, Allah ya ba ka haƙuri, don za ka buƙace shi." Aka yi dariya. Mama ta rungume ta ta daɗe ba ta sake ta ba. "Allah ya sa gidanki ne har abada," ta ce. Amma idonta yana kan ƙofa, tana duba kowace mota da ta tsaya.

Suna zaune yanzu a ɗaki biyu a saman wani shagon gyaran waya. Shi ya samu aiki a shagon. Ita tana karɓar ƙananan ayyuka daga nesa, wani watan a samu, wani watan a rasa, don a sana'arsu kowa ya san kowa, kuma an riga an ce ba ta jin magana. Suna faɗa, suna shiryawa, kuma ba ya ɓoye mata komai, ko gishiri ya ƙara wa miya sai ya sanar.

Wata rana da yamma ya same ta tana kallon wayarta bayan ta gama magana da Mama.

"Har yanzu?" ya tambaya.

"Har yanzu. Ta je gidansa jiya, aka ce mata ba ya nan, ga motarsa a waje."

Ya zauna kusa da ita. "Kina nadama?"

"A'a. Amma ka san abin da ya ci. Ya ci aikina, ya ci naka, ya ci sunana a wurin masu ɗaukar aiki. Waɗannan namu ne, mu muka zaɓa. Mama ba ta zaɓi komai ba, ita ce ta rasa yayanta. Ko gobe aka sake kawo mini takardar nan ba zan sa hannu ba, kuma ko gobe Mama ce za ta biya."